Haƙorin Aljanin Rijiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ta iso har bakin tabarma.

Ta ƙaraso mu ji ta, Kaka.

To ku gyara zama. Wanda ya san zai yi gyangyaɗi ya tashi tun yanzu, ni ba na faɗin magana sau biyu.

Wani gari ne ana ce masa Dogon Guga. Rijiyarsu ɗaya tal. Babu rafi, babu tafki, babu gulbi. Rijiyar nan gaba arba'in ce, kuma a can ƙasanta akwai wani aljani, sunansa Na-Ƙasa. Shi ke tsaron idon ruwa. Ba ya cin kowa, ba ya taɓa kowa. Al'adarsu da shi guda ce tun kaka da kakanni: kowace Alhamis a cika ƙwarya da kayan zaƙi a zura masa. Zuma, alewa, dabino, mazarƙwaila. Suna zurawa suna waƙa:

Na-Ƙasa, Na-Ƙasa, ga zaƙi ya sauko,
Ka sha, ka lashe, ka sako mana ruwa.

Ya shanye, ya lashe ƙwarya, ruwa ya yi ta zuwa. Shekara da shekaru haka ake yi.

Ran nan mata suka jefa guga, guga ya dawo rabi. Aka kasa kunne, sai aka ji daga ƙasa: "Hmmm. Wash. Hmmm."

Sarki ya kira Galadima ya ce, "Galadima, me ka ji?"

Galadima ya ce, "Ranka ya daɗe, fushi ne. Ƙwarya ɗaya ta yi masa kaɗan."

Aka cika ƙwarya uku aka zura, ana waƙa. Gari ya waye, guga ya dawo da laka. Daga ƙasa kuwa: "Hmmm! Wash! Hmmm!"

Galadima ya ce, "Ranka ya daɗe, bai huce ba. A ƙara."

Aka cika ƙwarya bakwai, aka ɗora damin rake a kai, aka zura, ana waƙa. Gari ya waye, guga ya dawo da tsakuwa. Daga ƙasa kuwa: "Wayyo! Wash! Wayyo!"

Galadima ya ce, "Ranka ya daɗe, a ƙara."

Aka bi gida-gida aka kwashe zumar gari kaf, har wadda aka ajiye don magani. Aka zura, ana waƙa. Gari ya waye, guga ya dawo a bushe ƙamas.

Sarki ya ce, "Shi ke nan. Ruwan randa kwana uku zai kai mu. Jibi kowa ya ɗaure kayansa, mu tashi."

Garin da ke da ruwa kuwa tafiyar kwana tara ce a ƙasa.

To akwai wani tsohon wanzami a garin, sunansa Barmo. Ƙafafunsa sun mutu, hannunsa yana rawa. Ba shi da jaki, ba shi da kowa sai 'yarsa Marka. Tun tana ƙarama ita ke riƙe kan mutane in zai cire musu haƙori. Da hannunsa ya fara rawa, ita ta koma riƙe awartaki, shi yana gefe yana faɗa mata yadda za ta yi.

Barmo ya ce, "Marka, ki bi mutane. Ki bar mini ruwa a buta, ki ja mini ƙofa."

Marka ta ce, "Baba, ba inda zan je in bar ka."

Ya ce, "Ba ki iya goya ni kwana tara."

Ta ce, "Ban iya ba. Shi ya sa ba za a tashi ba."

Ta tafi bakin rijiya, ta kwanta rub da ciki, ta saurara. Ta saurara, ta saurara. Ta dawo gida ta kwaikwaya wa ubanta nishin da ta ji.

Barmo ya ce, "Sake yi."

Ta sake.

Ya ce, "In an zura zaƙi, raguwa yake yi ko ƙaruwa?"

Ta ce, "Ƙaruwa."

Ya ce, "To ke me kika gani?"

Ta ce, "Haƙori ne, Baba."

Ya ce, "Je ki faɗa wa Sarki."

Ta je ta durƙusa ta faɗa. Fada ta ɗauki dariya. Galadima ya ce, "Aljani da ciwon haƙori! Ke 'yar wanzami, kowa kika gani sai kin leƙa masa baki?"

Marka ta ce, "Ranka ya daɗe, mai fushi tsawa yake yi. Wannan nishi yake yi, irin wanda nake ji kullum a zaurenmu. Galadima ma ya yi irinsa bara, ni na riƙe masa kai. Har ya kira sunan innarsa."

Fada ta sake ɗaukar dariya.

Sarki ya ce, "Me kike bukata?"

Ta ce, "Babban awartakin maƙera, da taɓarya, da gawayi, da gishiri, da kanumfari, da auduga, da fitila. A ɗaura mini igiya a ƙugu a zura ni. In kun ji na girgiza igiya sau uku, ku ja da iya ƙarfinku, kada wanda ya tsaya tambaya."

Aka ba ta. Aka zura ta. Gaba goma, gaba ashirin, gaba talatin, gaba arba'in. Ta dira.

Ta ɗaga fitila. Ga Na-Ƙasa zaune daram a kan idon ruwa, ya toshe shi. Kuncinsa ya kumbura kamar tulu, ya tallabe shi da hannu biyu.

Ta ce, "Sannu, Kaka."

Ya ce, "In zaƙi kika kawo, ajiye can."

Ta ce, "Kuma sha za ka yi?"

Ya ce, "Abin da aka zuro dole in shanye, al'ada ce. Ina sha ina hawaye."

Ta ce, "Ruwan fa, me ya yi maka ka toshe shi?"

Ya ce, "Sanyinsa, yarinya. Da ya taɓa mini baki sai in ji kamar an soka mini mashi har tsakar ka."

Ta ce, "Me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Ƙato kamata, in ce haƙori ya kayar da ni? Yaran gari su sa ni a waƙa?"

Ta ce, "Ai gara su sa ka. Jibi babu yaro ko ɗaya da zai rage a garin nan. Buɗe bakin."

Ya buɗe, ta matso da fitila, ya rufe gam.

Ya ce, "Zai yi zafi?"

Ta ce, "Zai yi."

Ya sake buɗewa, ta matso, ya rufe gam.

Ya ce, "Ke ba ki iya lallashi ba ne?"

Ta ce, "Ban zo lallashi ba. Ubana na can kwance, ruwan buta ɗaya ya rage masa. Buɗe."

Ya buɗe na uku. Kafin ya rufe, ta tokara masa taɓarya tsakanin sama da ƙasa. Baki ya tsaya a wangale. Wari ya bugo ta har sai da fitila ta yi rawa.

Ta ce, "Subhanallahi! Kaka, yaushe rabonka da asuwaki?"

Da taɓarya a baki ya ce, "Aha-hi? Mehe ne aha-hi?"

Ta ce, "Na ji amsata."

Ta bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa. Na farko ya yi baƙi. Ta goge shi da gawayi da gishiri, ya fito fari. Ta ce, "Wannan dauɗa ce kawai, lafiyarsa lau."

Na biyu yana da ɗan kogo. Ta sakace shi tas, ta cusa masa dakakken kanumfari. Ta ce, "Wannan an tare shi da wuri, zai zauna."

Ta kai na uku, can ƙuryar baki, turmin ƙarshe, wanda ke fito wa mutum bayan ya girma. Bai sami wuri ba, sai ya fito a kwance, ya tokare maƙwabcinsa. Zaƙin shekara da shekaru ya taru a tsakaninsu, ya ci shi ya ruɓe, dasashi ya kumbura ya yi ja. Ta ɗan taɓa shi da ɗan yatsa. Na-Ƙasa ya yi ƙara, ƙasa ta zubo daga bangon rijiya.

Ta ce, "Ga ɓarawon. Wannan ba ya zama."

Ta kafa awartaki, ta kama haƙorin tun daga gindi. Ta ja, ko gezau. Ta sake ja, ko gezau. Ƙarfin yarinya ina, haƙorin aljani ina.

Sai ta kwance igiyar da ke ƙugunta. Ku ji da kyau, igiyar nan ita kaɗai ce hanyarta ta fita. Ta ɗaure ta tamau a hannun awartaki, ta girgiza sau uku, ta koma gefe.

Mutanen sama suka ce, "Ya kama ta! Ku ja!"

Mata suka ja, igiya ta miƙe, ba ta motsa ba. Maza suka kama, aka ja, igiya ta yi kuka, ba ta motsa ba. Sarki ya tuɓe rigarsa, Galadima ya tuɓe tasa, tsoho da yaro kowa ya kama. Aka ce, "Haya!"

Fat!

Gari duka ya zube ƙasa, wani a kan wani. Suka tashi suka jawo igiya da sauri. Babu Marka. Sai wani baƙin haƙori, girman ɗan tunkiya, yana reto a bakin awartaki.

Mata suka ɗora hannu a ka. "Ya cinye ta! Ya cinye ta!"

Wani maƙeri ya ruga ya goyo Barmo ya kawo shi bakin rijiya. Barmo ya ce a mirgino masa haƙorin. Ya duba, ya juya, ya ƙirga.

Ya ce, "Saiwa uku, duk sun fito, ko ɗaya ba ta karye a ciki ba. Kamun 'yata ne wannan. Ku bar kuka ku mayar mata da igiya, sakarkaru."

A ƙasa kuwa Na-Ƙasa yana ta birgima. Marka ta zare taɓarya, ta danna masa dunƙulen auduga a gurbin haƙorin. Ta ce, "Cije. Kada ka tofar, kada ka sa harshe, kada ka sa yatsa."

Ya cije. Ya lumshe ido. Can ya ce ta gefen baki, "Yarinya, mashin ya fita."

Ashe garin birgima ya bar kan idon ruwa. Ruwan da aka danne kwana da kwanaki ya ɓalle. Ya kai mata idon sawu, ya kai mata gwiwa, ya kai mata ƙirji. Fitila ta mutu. Ta lalubi sama, ta lalubi sama, sai ga igiya ta faɗo mata a ka. Ta naɗe ta a hannu, aka ja. Ana ja ruwa na bin dugaduganta, ana ja ruwa na bin dugaduganta, har ta fito jagab.

Mata suka ɓarke da guɗa, ba ta jira ta ƙare ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, kwana uku kunu za a zura masa, mai ɗumi, babu zuma. Da ruwan gishiri mai ɗumi ya riƙa kurkure baki daga gobe. Bayan nan kowace Alhamis a sare masa reshen darbejiya ya yi asuwaki. Zaƙi kuwa sai ranar Sallah, ƙwarya ɗaya, ƙarama."

Galadima ya ce, "Al'adar kakanni fa?"

Sarki ya ce, "Galadima, kai ma buɗe baki ta duba."

Aka jefa guga, ya dawo maƙil yana zuba. Sarki ya miƙo hannu, Marka ta ɗauki gugan ta wuce shi. Ta durƙusa gaban ubanta ta kafa masa a baki. Barmo ya sha, ya sha, ya sha. Ya goge gemu ya ce wa maƙeri, "Mayar da ni ɗakina." Kowa ya je ya kwance kayansa.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya, kan kusu a bakin rijiya.

Abin da ke ciki ba ɓoyayye ba ne. Ku goge bakinku safe da dare, in kun sha alewa ku kurkure. Haƙorin da ya fara kogo a kai shi wurin likita tun yana ƙarami, a cike shi ya zauna. Wanda ya ruɓe kuwa a cire shi a huta, ba a lallashinsa da zaƙi. Kuma duk wanda ya ɓoye mini ciwo don tsoron awartaki, ranar da na gane da kunne zan ja shi har asibiti. Ku tashi, ga asuwaki can a kan randa.