Rabon kayan Inna Tsigai

Dalilin da ya sa sauro ba iri ɗaya ba ne, kowanne da cutar da yake talla... kai Ɗanliti, cire yatsa daga hanci, da kai nake. Ku matso.

A da can sauro duk gida ɗaya ne, kuma ba ya ba kowa ciwo. Cizo ne kawai, ka sosa ka wuce. Uwar gidan wata tsohuwa ce, Inna Tsigai, tana da 'ya'ya mata uku: Dudu babba, sai Kande, sai auta Tasalla. Mazan gidan kuwa ku bar su, ruwan fure kawai suke sha suna hira, kamar wasu kawunnanku da ba zan faɗi suna ba.

Da aka tashi aurar da 'yan matan, tsohuwa ta jawo langa uku daga ƙarƙashin gado, kowacce a rufe.

Ta ce, “Ni ba ni da kujeru, ba ni da katifa. Cuta na tara muku. Kowacce ta ɗauki ɗaya. Wadda mutane suka fi tsoron sunanta, ita ce uwar gida bayan raina.”

Dudu ta yi wuf ta rungume babbar. “Ni ce babba, babbar langa tawa ce. Mai ja ta zo ta ja.”

Inna ta ce, “Ke ko buɗewa ba za ki yi ba?”

“Inna, nauyi ai ba ya ƙarya.”

Kande ba ta ma duba girma ba, mai fenti ta ɗauka, don ta dace da ankonta mai ratsin fari da baƙi har ƙafa. A ciki aka sami shawara, mai sa ido ya koma ɗorawa.

Tasalla ta sunkuyar da kai ƙasa, gindi sama, ta ce, “Ni ragowar ma ta ishe ni, Yaya.” Ta ɗauki 'yar mitsitsiyar. Masassara ce a ciki.

Aka zo rabon ɗaki. Kande ta ce ita 'yar gayu ce, sai ruwa mai kyau: randar da ba murfi, tsohuwar taya, gwangwanin da kuka yar a bayan gida. Kuma da rana za ta fita, wai wa zai ga anko a duhu? Tasalla ta ce ita kunya take ji, a bar mata kududdufin bayan ruwan sama, kuma sai mutane sun kwanta za ta leƙo. Dudu ta ce duk waɗannan ba za su ɗauki langarta ba, sai kwata, don ta fi tsawo. Ta tare a kwata tana hura hanci.

Sai da ta tare ta buɗe langa. Tundurmi ne, ciwon da ke kumbura ƙafa ta zama kamar turmi. Ta yi guɗa. “Wa zai ga wannan ƙafa bai ji tsoro ba?”

Abin da ba ta tsaya an gaya mata ba, tundurmi ba ya sauri. Sai a yi ta cizo, a yi ta cizo, shekara da shekaru, kafin ƙafa ta nuna.

Suka fita aiki. Kande ta ciji wani mahauci a idon sawu da la'asar, ba a jima ba idonsa ya sauya. Tasalla ko tari ba ta yi ba, ta kwantar da rabin unguwa, ana ta karkarwa cikin bargo a tsakiyar bazara. Dudu ta ciji wani tela, Malam Garba, ta koma kwata ta zauna jiran labari. Shiru. Ta leƙo, ta gan shi yana taka keken ɗinki da ƙafar nan, har da waƙa.

Abin ya ci mata rai. Ta ce bari ta je dubiya. Ta tafi daidai kunnensa ta ce, “Sannu Malam, ya ƙafar? Ta fara nauyi?”

Tas! Ya kai mata tafi, da ƙyar ta sha.

Ta koma wajen Tasalla tana haki. “Ke, munafuka, ya kike yi ba a marin ki?”

Tasalla ta ƙara sunkuyar da kai. “Ni ba na gaisuwa, Yaya. In na gama sai in tafi.”

Inna Tsigai ta rasu, aka naɗa Tasalla uwar gida. Don ita ake raba gidan sauro, don ita ake layi a asibiti. Dudu kuwa ta rantse sai ta ji labarin ƙafar nan da kunnenta.

Shi ya sa har yau, in kun ga mai ratsin fari da baƙi tana bin ƙafarku da rana, Kande ce, ku je ku kifar da tayar nan. In kun ga wata a bango kai ƙasa gindi sama kamar ta Allah, Tasalla ce, ku shige gidan sauro ku cusa bakinsa. Wadda ke zuwa kunne kuwa Dudu ce, tambayar ƙafa take yi. Ku ce mata da sauƙi, sannan ku tafa.