Dokar Kukan Jariri a Gidan Alhaji Tanimu

Alhaji Tanimu ya so korar Ladiyo mai 'yan biyu daga gidan hayarsa, ita kuwa ba inda za ta samu mai araha irinsa. A gaban mai unguwa ya ce, "Duk ɗakin da aka ji kukan jariri, mai shi ya kwashe kayansa."

Ladiyo ta ce, "Kowane ɗaki? Har naka, Alhaji?"

"Har nawa! A shaida."

Ta rangaɗa guɗa. "Jama'a, a kawo amalanke! 'Yarsa Asabe ta haihu, tana hanyar zuwa gida wankan jego. Alhaji, da gadonka za mu fara?"

Mai unguwa ya yi dariya har rawani ya kwance.

Alhaji ya ce, "Haba Ladiyo, kukan jariri ai albarka ne."

"To, tawa albarkar biyu ce. Muna nan."