Igiyar Raƙuma Bakwai

An ce a zamanin da, tun ana auna dukiya da raƙuma, akwai wani birni a kan dutse, kwazazzabo mai zurfi ya raba shi da gonakinsa. Gada ɗaya ce tak ta itacen giginya, faɗinta na raƙumi guda. Ta nan ayarin gishiri ke shiga, ta nan kuma ake rugowa da wanda maciji ya sara a gona, domin saiwar da ke karya dafin a cikin birni take, kuma ɗanya ake daka ta.

Fatake kan ɗaure raƙumansu a igiya ɗaya, hancin wannan a wutsiyar wancan. Idan kan igiya ya hau gada, ba mai wucewa sai ƙarshenta ya sauka. Manoma da yawa sun cika a bakin gadar nan suna kallon ƙofar gari.

Sarki Bagudu, mutum ne mai saurin hukunci, ya ce duk sanda aka kawo mai sara a kora raƙuma da baya. Raƙumi kuwa bai iya tafiya da baya a kan siririn itace ba. Suka riƙa zubawa kwazazzabo har da masu jansu, fatake suka ƙaurace, miya ta rasa gishiri.

Sai Waziri Dangana ya nemi izini. Ya sa aka ɗauko ƙato a kafaɗa daga gona mafi nisa, aka yi gudu da shi, ya auna. Ya tambayi mai magani iyakar jinkirin da dafi ke bari. Abin da ya rage tsakani, ya gwada shi da tafiyar raƙumi a kan gada.

Ya faɗi gaban Sarki ya ce, “Allah ya ba ka nasara, kada a katse raƙumin da ya hau, amma kada igiya ta wuce raƙuma bakwai. In ta sauka, sai Sarkin Gada ya duba hanyar gona kafin ya saki ta baya. Sai dai, Zaki, ban auna da ranar sa'a ba, na auna da ranar da mai sara zai iso daidai sanda igiya mafi tsawo ta hau. In aka bar doguwa ko guda, lissafina ya rushe duka.”

Aka yi shela. Damina biyu ba a yi makokin maciji ba, har mutane suka manta dalilin dokar.

Sai ga Madugu Jatau, jagoran ayarin Sarki, mai bakin da ya fi zuma zaƙi. Ya gaji da kwancewa da ɗaurewa, ya zo fada ya ce, “Ranka ya daɗe, ayarinka ne za a gutsuttsura kamar na ’yan koli? Bari ya shigo a jere, baƙi su ga girman mai gari.”

Waziri ya ce, “Zaki, maciji bai san ayarin wa ke kan gada ba.”

Sarki ya ce, “Sau ɗaya ne a shekara, Waziri. Ka cika tsoro.” Ya ba da umarni a gaban kowa, kada wanda ya taɓa igiyar ayarinsa.

Ranar da ayarin ya iso, Tunau, ɗan Sarki tilo, yana gona yana duba girbi, kububuwa ta sare shi a diddige. Aka iso da shi bakin gada, raƙumi na uku ya hau, na ƙarshe ko ganinsa ba a yi. Cindo, Sarkin Gada, ya zare wuƙa zai yanke igiya, dogarai suka danne shi, suna cewa umarnin Sarki ne. Masu ɗauke da Tunau suka yi ta ihu, ƙararrawar raƙuma ta shanye muryarsu. Abin tausayi, sanda dogarai suka gane ko wane ne, jini ya riga ya ɓalle masa ta hanci. Ya cika yana kallon gishirin ubansa na wucewa.

Sarki ya ɗora wa Cindo laifin mutuwar ɗansa, ya sa aka kawo shi a ɗaure, hauni na tsaye a kansa.

Waziri ya cire rawaninsa ya ajiye a ƙasa. “Allah ya ja zamaninka, in kai za a sare, a fara da nawa. Amma a tambayi dogarai, wa ya zare wuƙa, kuma maganar wa ta hana shi.”

Sarki ya dubi dogarai, suka sunkuyar da kai. Hawaye suka bi gemun Sarki. Can ya tashi da kansa ya kwance Cindo. Ya kori Jatau daga ƙasar, ya ce, “Shi ya roƙa, amma ni na bayar.”

Ya hana a kai Tunau makabartar sarakuna. A bakin gada aka binne shi, a daidai inda ya jira. Tun daga ranar, kowane ayari a gefen kabarin nan yake tsayawa a ƙirga raƙumansa. Idan na fada ne, Sarki Bagudu ke fitowa da ƙafa, ya karɓi wuƙar Cindo, ya ƙirga bakwai da yatsa, ya yanke.