Muryar Dela a Cikin Gwangwani

Ku gyara zama, ga wata nan tafe. Wanda hankalinsa ke wani wuri ya tashi tun yanzu, don in an zo gardama ba a son jin bakin wanda bai saurara ba.

A Tudun Faru an yi wani masaƙi, Mati, masaƙarsa tana gindin tsamiya, daf da tagar aji ɗaya na makarantar garin. Matarsa Marka ta rasu da kaka, zazzaɓin kwana huɗu. Ta bar masa 'ya ɗaya, Dela, mai shekara shida, yarinyar da a da sai an roƙe ta take yin shiru. Tun ranar da aka fita da uwarta, Dela ba ta ƙara cewa uffan ba. Tana ci, tana sha, in an aike ta tana zuwa, amma magana babu. An yi rubutu ta sha. An kai ta asibiti, likita ya leƙa maƙogwaro ya ce lafiyarta ƙalau. Mati bai nemi komai a duniya ba sai ya ji an ce "Baba" da wannan 'yar muryar. Wani lokaci yana cikin saƙa sai ya tsayar da ƙafa cak, ya ji kamar an kira shi, ashe ɗan akuya ne a bayan danga.

Ya sa ta makaranta ko Allah zai sa a dace. Malamai uku ke karɓa-karɓa a aji ɗaya: Malama Tasalla, Malam Jatau da Malama Hanne. Dela kuwa ta ƙi shiga. Wata guda cur tana zaune a bakin ƙofa, in an ja ta sai ta sandare kamar itace.

Malama Tasalla 'yar maginan tukwane ce. Ran nan ta zo da yumɓu cike da daro, ta ce yau ba alli ba allo, kowa ya gina harafin da sunansa ya fara da shi. Hedimasta ya leƙo ya ga hannuwa dumu-dumu, ya ce, "Malama, aji ne wannan ko kududdufi?" Ta ce, "Ranka ya daɗe, gobe ma zan kawo." Ta gutsuri curi ta ajiye kusa da Dela, ko kallonta ba ta yi ba. Washegari ta ajiye shi taki ɗaya cikin aji. Jibi taki biyu. Kafin mako ya zagayo Dela tana tsakiyar yara, hannunta cikin yumɓu. Ba ta gina harafi ba. 'Yar mace ta gina, da ɗaurin ɗankwali a karkace, irin ɗaurin Marka sak. Mati ya hango ta taga, zare ya tsinke a hannunsa.

Malam Jatau kuwa ya riƙe fartanya kafin ya riƙe alli, kuma bai yarda a koya wa yaro tsiro da baki ba. Ya sa kowa ya kawo gwangwanin madara, aka cika da ƙasa, ya raba wake ƙwaya ɗai-ɗai. Ya ce, "Ku binne, ku ba shi ruwa kullum, ku zuba ido. Abin da aka binne aka kula da shi, sai ya taso." Kwana biyar wake ya ɗago kai, aji ya kaure da ihu. Na Dela ma ya fito, ta je ta ja rigar malam ta nuna masa, fuskarta a sake, karo na farko tun kaka. Daga nan ta nemo wani gwangwani, ta kwantar da 'yar matar yumɓun nan a ciki, ta rufe da ƙasa. Malam ya zaci gyaɗa ta shuka, har da yaba mata. Kwana tara tana ba da ruwa safe da rana. Ran na goma ta tona da yatsa, ba ta tarar da komai ba sai taɓo. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna rungume da gwangwanin, leɓɓanta na motsi, kamar magana ta cika mata baki ta rasa ƙofa.

Malama Hanne ita ce ƙaramarsu, ga surutu, amma ga ido. Ita ta lura cewa bakin Dela ba ya motsi sai in ta tabbata ba mai kallonta. Darasinta na ranar, yadda sauti ke tafiya ne. Ta huda gindin gwangwanaye, ta zagayo wurin Mati ta ce, "Baban Dela, a sam mana zare mai ƙwari, ba irin na 'yan kasuwa ba." Yara suka ja biyu-biyu suna ta "Alo, alo!" Ita kuwa ta kai Dela lungun bayan ƙofa, ta juya ta tana fuskantar bango, ta ce, "Wannan wayar mai zuwa nesa ce. Ba mai ganin ki, faɗi abin da kike so." Ta zura zaren ta taga har gindin tsamiya, ta danƙa wa Mati ɗaya gwangwanin. "Sa a kunne, ja ya miƙe, kuma ko tari kada ka yi."

Mati ya kara a kunne. Shiru. Hannunsa ya gaji, ya sauya. Can sai ga wata 'yar murya a dishe tana biyo zaren.

"Inna? Kina ji na?"

Ya san in ya yi shiru za ta ci gaba, ya sha muryar nan son ransa. Amma bai iya cutar ta ba. Ya mayar da gwangwanin baki.

"Dela, ni ne. Baba ne."

Zaren ya saki. Mati ya ce a ransa shi ke nan, ya ɓata. Sai ya ji an sake ja.

"Baba, na shuka Inna, ba ta fito ba. Kuma kullum ina ba ta ruwa."

"Ba laifinki ba ne, uwata. Mutum ba ya fitowa kamar wake. Tana wurin Allah."

"To kai ma za ka tafi?"

"Ina nan gindin tsamiya. Leƙo ki gani."

Ta leƙo. Ta ce "Baba" ba da gwangwani ba, aji duka suka ji.

Akwai wani gwado da Mati ya fara saƙa wa Marka, mutuwa ta riga shi. Ya zauna ya ƙarasa shi, ya naɗe ya kawo makaranta, ya ce na wanda ya dawo masa da muryar 'yarsa ne. Gwado ɗaya ne, in an sa masa almakashi ya zama tsumma. Nan fa gari ya rabu.

Wasu suka ce na Tasalla ne: ba don ita ba, da yarinyar tana bakin ƙofa har yau, ba ta ga wake ba balle waya, kuma ita ta sa abin da ke zuciyarta ya fito a hannu. Wasu suka ce na Jatau ne: ko da bai san abin da ya yi ba, ko da darasinsa ya ƙona mata rai, shi ya ba ta tambayar da ta fi ƙarfin shiru, kuma wanda ba shi da abin faɗa, a ba shi waya goma ma banza ne. Wasu suka ce na Hanne ne: magana ta cika bakin yarinya, amma da a can za ta ruɓe in ba don an gane kallo take tsoro, an kuma ɗaura zaren a kunnen da ya dace ba.

Har yau gwadon yana naɗe a kan teburin hedimasta, Mati yana jira. To, ku da kuka ji, a tsakanin ukun nan wa za a miƙa wa?