Benen Gizo da Benen Dila

"Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

Gizo ne kasuwa ta buɗe masa a cinikin hatsi, har ya gina gidan bene. Maƙwabcinsa Dila, mai sayar da fata, ya gani, shi ma ya gina nasa, ya ɗara na Gizo tsawo.

Gizo ya kasa cin tuwo. Matarsa Ƙoƙi ta ce, "Maigida, lafiya?"

Ya ce, "Ina fa lafiya, inuwar benen Dila tana faɗowa tsakar gidana?"

Ya sayar da gonarsa, ya ƙara hawa. Dila ya ƙara. Ya sayar da jakunansa, ya ƙara hawa. Dila ya ƙara. Da abin sayarwa ya ƙare, Gizo ya haye can ƙoli, ya leƙo ya ce wa magina, "Ku ɗauki tsanin nan a bakin ladanku." Ashe Dila ma haka ya yi da nasa.

Ga su nan a sama, kowa yana hararar ɗan'uwansa. Rana ta take, yunwa ta taso. A ƙasa kuwa ana sunan jikar Kunkuru, ƙamshin miya yana tasowa, ana ta dariya. Gizo ya ƙwala wa Ƙoƙi kira, iska ta kwashe muryar.

Can Dila ya ce a hankali, "Gizo, ka karya kuwa?"

"Ko ruwa ban sha ba. Kai fa?"

"Ni tun da muka fara ginin nan ban yi barcin kirki ba."

Gizo ya dube shi. Sai ya fara saƙa igiya daga cikinsa, ya jefa wa Dila bakinta, ya ce, "Ɗaura da kyau, ka fara sauka. Na riƙe."

Dila ya sauka, Gizo ya biyo shi. Kunkuru bai tambaye su komai ba, ya matsa musu a tabarma, Ƙoƙi ta ajiye musu akushi ɗaya. Suka cinye tas, har suna lashe hannu.

Daga baya suka rushe saman benayen, suka gina wa unguwa rumfar hutawa da tubalan.

To kun ji, yara. Ku nemi na kanku, amma wanda ya mai da maƙwabcinsa abokin tsere, ko ya yi nasara, shi kaɗai zai zauna da yunwarsa.

Ƙungurus kan kusu, kowa ya nufi shimfiɗarsa.