Jar Ƙwayar Masu Ciki a Gindin Turke

An yi wani mutum a wani ƙauye tsakanin Dayi da Malumfashi. Ba zan kama sunansa ba, don yana raye, kuma abin da ke cinsa ya ishe shi. Manomi ne, yana noman masara da waken suya, kuma duk shekara yakan ɗaure rago a turke don kasuwar Babbar Salla. Ba mashayi ba ne, ba ɗan caca ba ne, a sahun gaba ma yake salla. Na faɗi wannan ne don kada wani ya gyara zama ya ce labarin ba nasa ba ne.

Matarsa Hansai tana da ciki, kuma suna da 'yar ƙaramar yarinya, Sadiya, wadda ba a daɗe da yaye ta ba. Hansai tana zuwa awo, ana ba ta ƙwayoyin ƙarin jini. Kun san su, jajayen nan masu santsi da ɗan zaƙi a bayansu. Sinadarin ƙarfe ne a ciki, wanda jiki ke gina jini da shi. Ungozomar da ke ba da su, wata Bisola haifaffiyar Funtua, bakinta har ya gaji da faɗa wa mata cewa a sha yadda aka ce, a kuma ajiye inda hannun yaro ba ya kaiwa, domin in ƙaramin yaro ya haɗiye su da yawa suna iya kashe shi. Hansai ta dawo gida ta faɗa wa mijinta. Ya yi dariya, ya ce yaushe maganin ƙarin jini ya zama guba?

Ana nan sai ya ji a majalisa wai in ana jiƙa ƙwayar a ruwan dusa, rago yana yin ƙiba da sheƙi. Wane likitan dabbobi ne ya faɗa? Babu. Wani ne ya ji a bakin wani. Haka muke, ya 'yan uwa! Mai ilimin abu ya yi magana mu ce surutun asibiti ne, ɗan majalisa ya yi shaci-faɗi mu riƙe shi da hannu biyu.

Sai ya fara ɗibar ƙwayoyin matarsa. Bai tsaya nan ba, ya riƙa karɓar na matan abokansa ta hannun mazajensu. Ya tara a gwangwanin madara marar murfi, ya cusa a wani rami a gindin katangar turke, bayan kwanon dusa. Wuri ne da babba ba zai sunkuya ya duba ba. Bai tuna cewa akwai mai tsawon da ramin yake daidai idonta ba.

Hansai ta fara jiri, tafin hannunta ya yi fari. A wurin awo aka ce jininta ya yi ƙasa, aka yi mata faɗa wai ba ta shan magani. Da abin ya ishe ta, ta kai kuka wurin yayanta Aƙilu cewa ƙwayoyinta suna ɓacewa, kuma mijinta take zargi. Aƙilu ya hau babur ya zo, aka zauna a zaure gaban mahaifin mutumin da maƙwabta. Da mijin ya ce na yi kuskure, da magana ta ƙare a nan. Amma ina! Sai ya rantse da Allah cewa ko ƙwaya ɗaya bai taɓa ɗauka ba, ita ce ke zubar da su don sakacinta. Aƙilu ya ji kunya ya ba da haƙuri, Hansai ta haɗiye maganarta.

Wata rana da la'asar ya dawo daga gona, Hansai tana maƙwabta wurin daka. Ya leƙa turke sai ya ga Sadiya zaune a ƙasa, gwangwani a cinyarta, bakinta da yatsunta sun yi ja. Ƙwayoyin da suka rage ba su taka kara sun karya ba.

Ya 'yan uwa, ga babur a ƙofar gida, ga asibiti ba nisa, ga rana ba ta faɗi ba. Me uba zai yi? Wannan uban dai goge mata baki ya yi da gefen rigarsa, ya jefa gwangwanin a masai, ya ɗura mata manja. Domin in ya kai ta asibiti dole ya faɗi abin da ta sha, in ya faɗa kuwa, duk garin zai san ya yi rantsuwa a kan ƙarya. Ya auna kunyarsa da ran 'yarsa, ya ga kunyar ta fi nauyi.

Kafin magariba yarinya ta fara amai da gudawa, tana murɗe-murɗe tana riƙe ciki, har da ɗigon jini a aman. Hansai ta goya ta za ta tafi wurin Bisola. Ya tare ƙofa, ya ce wani abu ne ta tsinta ta ci, zai wuce, kada a tara masa jama'a.

Da gari ya waye sai aman ya tsaya. Sadiya ta sha koko, har ta sauka tana wasa a tsakar gida. Ya dubi matarsa ya ce, "To, kin gani? Da yanzu kin ɗaga mana hankali a banza."

Ku buɗe kunnuwanku a nan, don a nan mutane ke faɗawa rami. Haka gubar ƙarfen nan take yi. Takan lafa kamar an warke, alhali tana ciki tana cin hanta. Sauƙin nan ba sauƙi ba ne, shi ne ɗan lokacin da ya rage a ceci yaro. Mutumin nan ya ɓata shi yana murna asirinsa ya rufu.

Kashegari Sadiya ta yi laushi, jikinta ya yi sanyi, idonta ya fara komawa ruwan ɗorawa. Aka kwashe ta sai babban asibiti a Malumfashi. Likita ya tambaya ko ta sha wani magani ko wani abu a gida. Hansai ta ce ba ta sani ba, kuma gaskiyarta ke nan. Likita ya juya ga uban. Ya ce babu. Subhanallahi! 'Yarka tana kwance ba ta ko ɗaga hannu, har yanzu kana gadin rantsuwa? Likitoci suka shiga lalube, ana gwajin wannan ana gwajin wancan.

Sai da ya ga numfashinta ya fara sarƙewa sannan ya ja likita gefe ya faɗi gaskiya. Likitan ya ce akwai allurar da ke janye ƙarfen daga jini, da an kawo ta tun ranar farko an faɗi abin da ta sha, da akwai kyakkyawan zato. Za su gwada, amma hanta ta riga ta tafi.

Hansai tana bayan labule, ta ji komai. Ba ta yi ihu ba. Ta fito ta ce masa, "Malam, ashe lokacin da ka tare mini ƙofa ka sani?"

Sadiya ta cika kafin azahar.

Daga wurin zaman makoki Aƙilu ya ɗauke ƙanwarsa ya kai ta gidan iyayensu a Matazu. A can ta haihu, da ƙyar aka ceto ta saboda ƙarancin jini, kuma ba ta sake taka gidan ba. Mahaifin mutumin ya daina cin abinci kwano ɗaya da shi. Yau in ya rantse a kan cewa rana ta fito, sai mutane sun leƙa waje.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, a wurin gaisuwa kowa cewa yake ƙaddara ce. E, mun yi imani da ƙaddara. Amma ƙaddara ce ta cire murfin gwangwani? Ƙaddara ce ta ce wa likita babu? Sakaci ya kawo ciwon, ƙarya ta hana magani, girman kai ya tsare ƙofa.

Kada wata ta ji wannan ta daina shan maganinta. Ƙwayar nan rahama ce ga mai ciki, haƙƙinta ce, ba ta rago ba ce. A bar ta a mazubinta, a rufe, a ɗora sama ko a kulle. Kada a ce wa yaro alawa ce. In kuwa ya sha, ba manja, ba madara, ba tura masa yatsa a maƙogwaro, ba jiran a ga yadda zai kwana. A ɗauke shi da ragowar maganin a tafi asibiti, ko yana dariya, a faɗi gaskiya ko za ta tona ka.

Na faɗi wannan a kan mumbarin nan ba sau ɗaya ba. Amma makon jiya na shiga zauren ɗaya daga cikinku, na tarar da ƙwayoyin nan a ƙulle cikin leda a kan tabarma, yaro yana rarrafe kusa da su. Mai zauren yana cikin masallacin nan, yana jina. Wallahi na gaji da sallatar ƙananan gawarwaki waɗanda ake ɗaukowa a hannu ba a makara ba.

Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da ya damƙa mana, ya sa mu fi jin kunyarsa a kan kunyar mutane. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye mana 'ya'yanmu daga sakacin hannayenmu. Amin.