Ƙananan Matakai a Jikin Dutse

Akwai wani manomi da aka haifa a bisa dutse. Da ya girma, sai shi da mutanen garinsu suka sauko kwari, inda ruwa da ƙasar noma suke. Mahaifiyarsa kaɗai ta ƙi saukowa. Ta ce inda aka binne mijinta, nan za ta zauna.

Manomin yana da 'ya mai shekara biyar, Keziya, wadda ya sa wa sunan tsohuwar. Saboda haka ba ya kiran sunanta, "Uwata" yake ce mata. Wata rana saƙo ya zo daga bisa cewa tsohuwa ta kwanta, jiki ya yi tsanani, kuma ba abin da take roƙo sai ta ga takwararta, wadda ba ta taɓa sa wa ido ba.

Da sassafe uba da 'ya suka kama hanya. Yarinya kuwa, kai, sai tsalle take yi kamar 'yar akuya, tana tambayar sunan kowane itace. Kafin rana ta yi tsaka, baki ya mutu. Ƙaya ta yage mata riga, gwiwa ta kuje, uban ya goya ta, ya sauke, ya sāke goyawa. A haka suka kai wurin da dutsen ya miƙe tsaye kamar bango. A nan ba a goyon yaro, gama nauyi yakan ja mutum baya, ƙasa kuwa rami ne mai zurfi. Sai dai kowa ya taka matakan da kakanni suka sassaƙa.

Ya ce, "Uwata, sa ƙafarki nan, sa'an nan ki miƙa can."

Ta gwada sau uku, tana zamewa. Ta fashe da kuka ta ce, "Baba, ƙafata ba ta kai ba."

"Ke dai ba ki yi ƙoƙari ba!" in ji shi da tsawa. Nan take kunya ta kama shi, gama gaskiya yarinyar ta faɗa. Ya zauna, zuciyarsa ta karai, yana ganin mahaifiyarsa za ta tafi da wannan buri a ranta.

Can sai ya tambayi kansa, "To, ni da nake kamarta, yaya na hau?" Ya tuna hannun mahaifiyarsa a diddigensa, kuma ba a nan ba ne, a gefen hagu ne, inda yanzu ciyawa ta rufe. Ya zaro wuƙarsa ya kankare wurin. Ashe! Ga ƙananan matakai kusa da juna, daidai ƙafar yaro. Ƙasa ce ta cike su, domin shekara ashirin ba yaron da ya bi ta nan.

Yana sharewa, tana takawa, tafin hannunsa yana ƙarƙashin diddigenta. Ɗaya, biyu, har goma sha bakwai. Da ta tsaya a bisa, ta ɗaga hannuwa ta ƙwala ihu, "Baba, na hau! Da ƙafata na hau!"

Da suka isa gida, tsohuwa ta rungume ta ta ce, "Takwara, ta ina kika bi?"

"Ta ƙananan matakai, Kaka."

Tsohuwa ta yi dariya har da hawaye. "Ashe suna nan! Yabo ga Ubangiji!" Ta tashi zaune, ta ce a dama mata kunu.

'Yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Dutsen shi ne hanyar bangaskiya, ba kuwa mai hau wa wani, ko uba ga 'yarsa. Amma Allah bai manta da ƙanana ba, ya tanada musu matakai daidai ƙafarsu: gajeriyar addu'a, waƙa guda, aya ɗaya kafin a ci abinci. Mu ne muka bari ciyawa ta rufe su a gidajenmu, sa'an nan muna yi wa yara tsawa don sun kāsa taka namu. Kai uba, ke uwa, ta ƙananan matakan nan aka hau da ku. Ku koma gida yau ku share su, ku sa hannu a diddigen yaranku. Za su hau.